Saniya Ta Samu Allurar Huhu, Mai Ita Fa?

A 'yan shekarun nan gwamnatin Kano kan tura jami'an lafiyar dabbobi su zaga ƙananan hukumomi suna yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki kuma ta annobar nan da ke kashe su da majina da zawo. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jiha, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, ya ɗauki nauyin irin wannan zagaye fiye da sau ɗaya. Makiyayin da ya taɓa ganin abin da huhu ke yi wa garke ba ya jiran a lallashe shi. Da ya ji masu allura sun sauka zai kaɗo shanunsa tun da hantsi, ya riƙe ƙaho, a caka, a sako ta gaba.

Shi kuwa mai riƙe da ƙahon, in ya haura shekara 60, abu ne mai yiwuwa rabonsa da allurar riga-kafi tun zamanin 'yan lamba, lokacin yaƙi da agana, kuma tabon na nan a dantsensa. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiransa. Shi ma bai nema ba, domin a fahimtarsa riga-kafi harkar yara ce da mata masu awo. Ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Tsarin lafiyar ƙasar nan ma a kanta aka gina shi.

Yankin Bunkure da Kura da Garun Malam wuri ne da ya dace a dubi wannan magana da kyau. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani ya daina zama lokacin hutu a nan. Ruwan Tiga ke bin manyan kanal da ƙanana, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yana shayar da dubban kadada na shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara. Watannin da manomin wani wuri ke zaune a gindin bishiya yana gyaran zana, su ne watannin da manomin Barkum ko Gafan ko Kumurya ke cikin tsananin aiki. Alkama sanyi take so, shi ya sa ake shuka ta a Nuwamba. Tumatir ma a hunturu yake yin kyau. Wato dai lokacin da iska ta fi bushewa, hazo ya fi kauri, shi ne lokacin da magidanci zai idar da sallar asuba ya naɗe wando ya shiga ruwa mai sanyi har idon sawu, domin layin ban-ruwa ya zo kansa kuma ba zai jira shi ba.

Sanyin da kansa ba ya haifar da mura, ƙwayar cuta ke haifar da ita. Amma hunturu na share mata hanya. Ƙurar da iska ke kwasowa daga arewacin Chadi tana busar da hanci da maƙogwaro, ta tsattsage laushin fatar da ke tare ƙwayoyin cuta. Da dare kuma a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a kawo kaskon garwashi, mutum shida ko takwas su kwana suna shaƙar numfashin juna. A ƙara da hayaƙin da matan Kura ke sha wajen turara shinkafa, da ƙurar ɓuntu a injinan casa, da hayaƙin ƙona karmami bayan girbi. Huhun mutumin wannan yanki yana aiki fiye da kima tun kafin wata cuta ta iso.

Kuma cutar ba ta rasa motar da za ta hau. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Kwanar Gafan lokacin da kakar tumatir ta kankama ya ga yadda ake cakuɗuwa: dillalai, 'yan dako, masu ɗinka kwanduna, direbobin da suka kwana a hanyar Legas ko Fatakwal, 'yan ƙwadagon da suka zo cin rani daga wasu jihohi suna kwana goma-goma a ɗaki. Haka abin yake tun da. Murar da ta girgiza duniya a 1918 ta jirgin ruwa ta shigo Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya. Yanzu titin Kano zuwa Zariya ke yin aikin da layin dogo ya yi.

"Mura ce kawai." Da wannan kalma ake sallamar kusan kowane tari a hunturu. Wani lokaci gaskiya ne, murar ce ta majina da atishawa, kwana uku ta wuce. Amma akwai wata mai suna infuluwenza, wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da kasala, har ya kasa ɗaga kai daga tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar numfashi kaɗai. Matashi mai ƙarfi yakan murmure cikin mako guda ko biyu. Tsoho, ko mai ciwon suga, ko mai asma, ko mai ciwon zuciya, ko mace mai juna biyu, shi ne take buɗe wa ƙofar limoniya. Sai a ji an ce Malam wane ya kwanta kwana biyar, ƙirji ya riƙe, Allah ya yi masa cikawa. Ba gwaji, ba takarda, ba wanda zai rubuta sunan abin da ya kashe shi.

Kafin a kai ga haka, hanyar da ake bi sananniya ce. A aika yaro kemis. A kawo maganin maleriya, domin a nan duk zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasi. In bai sauka ba a ƙaro kafso, ja da baƙi ko ja da rawaya, a sha kwana biyu a ajiye. Kafson nan ba ya taɓa ƙwayar infuluwenza ko kaɗan, sai dai ya koya wa wasu ƙwayoyin cuta jure magani. Kuɗi ya tafi, kwanaki sun tafi, tumatir kuma ba ya jiran mara lafiya. In ya nuna ba a tsinka ba, ko layin ruwa ya wuce ba a shayar ba, asarar kaka guda ce ta hau kan gida saboda maigida ya kwanta kwana goma.

A ƙasashe da dama an daɗe da mayar da wannan lissafi al'ada. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, masana ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya kan zauna su duba irin ƙwayoyin da ke yawo, su faɗa wa kamfanoni yadda za a haɗa allurar kaka mai zuwa, tunda ƙwayar na sauya kama. A Ingila, da kaka ta shigo likitan unguwa ke aika wa tsofaffi saƙo su zo a yi musu kyauta. Afirka ta Kudu ma na bayar da ita kyauta a asibitocin gwamnati ga masu ciki da tsofaffi da masu cututtuka na dindindin. Tun 2023 kuma Amurka ta amince da allurar wata ƙwayar numfashi mai suna RSV domin tsofaffi.

A nan ne ya kamata mai wa'azin riga-kafi ya yi gaskiya. Idan dattijon Gurjiya ya ji shawara ya tashi ya tafi asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa ya ce a yi masa allurar mura, malamin asibiti zai buɗe firji ya rufe, ya ba shi haƙuri. Abin da ke ciki galibi na jarirai ne da yara: ta tarin fuka, ta shan-inna, mai haɗin biyar, ta limoniyar yara, ta ƙyanda, ta shawara, ta sanƙarau, sai ta kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a 2023. Najeriya ba ta da shirin ƙasa na yi wa manya allurar infuluwenza duk shekara, haka nan ta limoniya. Wanda ke so sai ya nema a wani asibitin kuɗi a babban birni, da farashin da ɗan ƙwadago ba zai ko tambaya ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙasar ta san cutar na nan. Tun 2008 ake sa ido a kanta a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ana ɗibar samfuri daga maƙogwaron marasa lafiya ana aikawa ɗakin gwaji a Abuja. Shekaru fiye da 15 ana auna ta, ba a kai ga tare ta ba.

Saboda haka kira ga manya su karɓi riga-kafi kira ne mai baki biyu. Ɗaya na fuskantar talaka, ɗaya na fuskantar hukuma, kuma rashin adalci ne a ɗaga murya a na farko a yi raɗa a na biyu.

Duk da haka, ba a ce babu komai ga babba ba. Mashaƙo ya isa misali. Daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke, Kano ta zama cibiyarta, mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar a nan suke. Cutar numfashi ce, tana shimfiɗa wani farin tantani mai kauri a maƙogwaro har ya toshe iska, dafinta kuma ya sauka zuciya. Yara ta fi kashewa, amma ta kwantar da manya, kuma babba na iya ɗauke da ƙwayar ba tare da ya ji komai ba ya kai wa 'ya'yansa. Allurarta tana nan a asibitin mazaɓa, ita ce wadda ake yi wa mata a wajen awo haɗe da ta sandarewar haƙora. Kariyar da aka samu a yarinta tana raguwa da shekaru, shi ya sa wasu ƙasashe ke sabunta wa manya ita duk shekara 10. Manomin da kullum ƙafarsa ke cikin taɓo da taki, lauje da fartanya na yankarsa, yana cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan allura ta fuska biyu. Amma da yake a layin mata ake bayar da ita, ba ya ko kallon wajen.

Sanƙarau ma ta numfashi ake ɗaukarsa, kuma kakarsa ta yi daidai da kakar noman rani, daga sanyi zuwa tsakiyar bazara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar na ƙwayarsa, kuma a zagayen da ake yi har 'yan shekara 29 ake yi wa. Saurayi mai shekara 25 da ya ga masu allura ya kauce yana cewa shi ba yaro ba ne, da shi ake.

Akwai kuma wani rukuni na manya da ba a taɓa jin sun yi gardama ba: maniyyata. Saudiyya ta shardanta allurar sanƙarau, tana kuma shawartar alhazai su yi ta infuluwenza. Dattijon da zai kori mai allura daga ƙofar gidansa shi ne zai bi layi a sansanin alhazai ya naɗe hannun riga da kansa. Wannan na nuna cewa ƙin ba na aƙida ba ne kamar yadda ake yawan faɗa. In mutum ya ga dalili, ya kuma yarda da mai bayarwa, yana miƙa hannu.

Yardar ce aka taɓa karyawa a Kano, kuma duk wanda zai yi maganar allura a jihar nan ya tsallake wannan tarihi bai shirya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba allurar riga-kafi ba, sai dai a zuciyar uban da ya binne ɗa wannan bambanci ba ya da nauyi. Da aka zo 2003 aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano bisa zargin hana haihuwa, ƙasar da jita-jitar ta faɗa a kai a jiƙe take. Sai a Yulin 2004 aka dawo da shi, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Abin da ya gyara lamarin ba tsawa ba ce daga Abuja. Sarakuna da hakimai da dagatai da limamai ne suka shiga gaba, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, har aka kai 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji.

A waccan shekarar ce kuma Kano ta ga abin da cutar numfashi ke yi wa tsofaffi. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari suka fara kokawa, manyan malamai da dattawa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Alluran korona na farko sun iso ƙasar a Maris 2021. Kafin shekarar ta ƙare an lalata fiye da miliyan 1 da suka lalace, galibi saboda ƙasashe masu arziki sun aiko su wa'adinsu na dab da cika. Amma zamanin korona ya bar darasi guda mai amfani: an ga cewa asibitin mazaɓa na iya yi wa manya allura, ya yi musu rajista, ya ba su kati. An gina hanyar, sai aka bar ciyawa ta rufe ta.

Akwai masu cewa wannan duk maganar masu ƙoshi ce, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Najeriya na da yara fiye da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ba, Kano na cikin jihohin da suka fi yawansu. A yankin ban-ruwa sauro ba ya hutun rani, tsargiya na cin yaran da ke wanka a kanal. Allurar infuluwenza kuma ba ta kai ta ƙyanda ƙarfi ba. A shekarar da haɗin ya dace da ƙwayar da ke yawo, takan rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma sai an sake ta duk shekara. Da wane kuɗi?

Amsar ita ce ba kowa za a fara da shi ba. Ma'aikatan lafiya na farko, domin su ake yi wa tari a fuska daga safe zuwa yamma, kuma in malamin asibiti guda da ke riƙe da mazaɓa ya kwanta, asibitin ne ya kwanta. Sai masu juna biyu, waɗanda da ma suna zuwa awo. A Bamako ta Mali, ƙasa mai hazo da hunturu irin namu, an yi bincike a kan mata masu ciki fiye da 4,000 tsakanin 2011 da 2014, aka ga cewa allurar da aka yi wa uwa na kare jaririnta a watanninsa na farko, lokacin da shi ba a iya yi masa. Sai tsofaffi da masu suga da asma da ciwon zuciya da masu shan maganin ƙanjamau. Wannan adadi ne da jiha za ta iya ƙirgawa ta sa a kasafi, ta gwada a ƙananan hukumomi uku na yankin ban-ruwa kafin ta faɗaɗa. Rage rabin masu kwanciya a cikin waɗannan mutane ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da mutum ɗaya ke ciyar da goma sha biyar.

Kuma riga-kafin yara da na manya ba kishiyoyi ba ne. A gidan gandu jika a cinyar kaka yake wuni, majinarsa a zanenta. Ƙwayar limoniya a hancin yara take zama ta tsallaka ga tsofaffi. A Amurka, bayan an fara yi wa yara allurarta a 2000, cutar ta ragu har a tsakanin tsofaffin da ba a yi musu ba. Najeriya ta shigar da ita jadawalin yara daga ƙarshen 2014. Dattijon da ya tsaya kai da fata sai an kammala wa jikokinsa allurai, har kansa yake yi wa.

Yadda za a kawo allurar infuluwenza ma na da muhimmanci kamar kawo ta ɗin. Allurar na ɗaukar kusan mako biyu kafin ta kama jiki, don haka watanta Oktoba ne zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko, kafin shukar alkama ta ɗauke mutane. Wanda ya zo da ita a Janairu da ƙarfe 10 na safiyar Talata ba zai tarar da namiji ko ɗaya a gari ba. Manoman yankin na da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke tara kuɗin kanal suna raba layi, kuma sun san kowane mai gona da sunansa. Akwai kwamitocin raya mazaɓa, akwai harabar masallacin Juma'a bayan an sallame, akwai ranar kasuwa. A ajiye tebur a nan, da ma'aikaci namiji domin maza, a haɗa da awon hawan jini da na suga, tunda waɗannan dattawa na son a auna su. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu a tura shi gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne.

Sannan a faɗi gaskiya ɗungurungum. Dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani zai ji ɗan zazzaɓi. Allurar ba ta sa mura, amma ba ta hana kowace irin mura, don haka wanda aka yi wa zai iya yin atishawa a Disamba. In ba a gaya masa haka tun farko ba, shi zai zauna a majalisa ya ce an yaudare shi, kuma za a fi yarda da shi fiye da rediyo. Malamin asibitin da ya ce, "Baba, ni ma an yi mini, ga wurin," ya fi fosta ɗari tasiri, domin ɗan gari ne, an san gidansu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, Kano kuma na da hukumarta ta kula da asibitocin mazaɓu da asusunta na tallafa wa lafiya. Wakilan Bunkure da Kura da Garun Malam a majalisar jiha na da hurumin tambaya, lokacin kare kasafi, ko akwai layi guda da aka rubuta domin riga-kafin manya. Ya kamata su tambaya a bana. Kafin a samu amsa, magidancin da ke karanta wannan ya tura mai ciki awo ta karɓi allurarta, ya duba katin kowane yaro a gidansa, in masu allurar sanƙarau ko mashaƙo sun zo ya tambaya ko shekarunsa sun shiga, kuma in tsohon gida ya fara numfashi sama-sama da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, kada a aika kemis.